La'asar Ɗaya a Zauren Malam

Litinin, 12 ga Agusta, 2:40 na rana

Yau an kwantar da mutum goma sha ɗaya, duk amai da gudawa, duk daga ƙauyukan da ke bayan kasuwa. Gado ya ƙare. Mun shimfiɗa tabarmi a baranda, mun ɗaura igiya daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, muna rataya ledojin ƙarin ruwa kamar shanya. Dizal ɗin janareta ba zai kai Alhamis ba. Na rubuta wannan ne don in na tsufa in tuna cewa aiki ne ya hana ni cin abincin rana yau, ba wani abu ba.

Wani abun kuma shi ne Dakta Sauda ta nuna mini wasiƙar. Wani asibiti a Saudiyya ya ɗauke ta aiki, suna jiran amsarta zuwa ƙarshen watan nan. A teburin da muke miƙa wa juna aiki ta ajiye mini ita, tsakanin fayil ɗin gado na shida da na bakwai, ta ce, "Ka duba wannan ma." Na duba. Na ce ma sha Allah. Na ce wuri ne mai kyau, ga Harami kusa. Ta ce, "Abin da ka gani ke nan?" Na ce rubutun ma ya fita sosai.

Shekara biyu muna aiki tare, abin da bakina ya iya ke nan.

Talata, 13 ga Agusta, 6:15 na safe

Ban yi barcin kirki ba. Sauro ne.

Talata, 4:30 na yamma

Hajiya Fanta, shugabar nas-nas ɗinmu, ta ritsa ni a ɗakin ajiyar magani, ta tura ƙofa da ƙafa. Shekararta talatin a asibitin nan, rabin mutanen garin ita ta karɓi haihuwarsu, don haka ba ta jin nauyin kowa.

Ta ce, "Ɗana, da ku huɗu ne likitoci a nan. Ɗaya ya tafi Jidda, ɗaya ya tafi Ingila. Wannan ma ido za ka zuba mata ta tafi?"

Na ce ai kowa da rabonsa.

Ta ce, "Rufe mini baki da maganar rabo. Har masu shara sun san abin da ke ranka. In ta shigo ɗakin mata kana ciki, sai ka auna wa mutum ɗaya jini sau biyu."

Ban san ana lura ba. To, tunda littafin nan nawa ne kuma ba mai karantawa, bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ina son Sauda. Tun ranar da janareta ya mutu muna tsakiyar tiyata, ta yi masa faɗa ta taga kamar yana jin ta, nake son ta. In ta tafi ni kaɗai zan rage a asibitin nan, amma ba wannan ne ya hana ni barci ba.

Laraba, 14 ga Agusta, 8:10 na safe

Da muka gama miƙa aiki na ce mata ina da magana, ba ta marasa lafiya ba ce. Ta rufe biro, ta sa a aljihu, ta ce, "Ba a nan ake yin irinta ba, Dakta Khalilu. Gidanmu yana da ƙofa."

Na ce to wasiƙar fa?

Ta ce, "In maganarka ta bi ta ƙofar Baba kafin talatin da ɗaya ga wata, ina da dalilin zama. In ba ta bi ba, ba ni da abin da zan ce wa mutanen nan sai to." Daga nan ta tuna mini cewa tsohon gado na tara bai yi fitsari ba tun jiya.

Alhamis, 15 ga Agusta, 1:00 na rana

Baffa Basiru, ƙanin mahaifina, shi ne uba gare ni tun da Baba ya rasu. Na kira shi a Zakirai na faɗa masa. Ya yi hamdala sau uku, ya ce har ya fara tunanin ko karatun ne ya taɓa ni. Ya karɓi lambar mahaifin Sauda, Malam Muhammadu Sani na Bici, suka yi magana.

Ga abin da Malam ya ce. Shi ba ya ba da izinin neman 'yarsa a waya. Mai so ya zo da ƙafarsa, ya zauna a zaure bayan la'asar, a kira yarinyar, ya tambaye ta a gaban mutumin, ya ji amsarta da kunnensa. Haka ya yi wa yayyenta huɗu, ba zai canza a kan auta don ta zama likita ba.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Sai na ɗaga kai na ga jadawalin aiki a bango.

Mu biyu ne. Ranar da take Bici, ni ne a asibiti. Ranar da na samu fita, ita ce a asibiti. Tun abin da ya faru a watan Yuni takarda ta zo daga sama cewa kada wurin nan ya sake zama babu likita, ko da na awa ɗaya. Ko babu takardar ma, ni ba zan sake ba. Ba zan rubuta maganar Yuni a nan ba.

Abin da nake nema bai wuce la'asar ɗaya ba, wadda ni da ita duk ba ma nan.

Juma'a, 16 ga Agusta, 3:20 na rana

Mutum goma sha tara. Wasu sun ce rijiya ce, wasu sun ce ba rijiya ba ce. An zo daga birni da farar mota, an ɗebi ruwa a kwalabe, an tafi. Dizal ya ƙare kamar yadda na faɗa, mai gari ya aiko da jarka biyu, ban tambayi inda ya samo ba.

Asabar, 17 ga Agusta, 5:00 na yamma

Na bi sunayen 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda zai riƙe mini asibiti na rabin wuni. Na farko lambarsa ta koma ta ƙasar waje. Na biyu ma haka. Na uku yana Kano, amma shi kaɗai ne a sashensa, ya ce in na samu mai riƙe wa mutum aiki in turo masa shi in na gama. Na huɗu ya bar likitanci yana kiwon kaji, ya yi mini bayanin cutar kaji na minti ashirin. Na biyar ya yarda har mun sa rana, da ya ji amai da gudawa ne sai ya tuna yana da suna a gidan surukai.

Sauda ta gan ni a ƙarƙashin darbejiya ina ɗaga waya sama ina neman sabis. Ta nuna mini kan tankin ruwa, inda ya fi kamawa.

Lahadi, 18 ga Agusta, 12:30 na rana

Na haɗu da mijin matar da ta rasu a watan Yuni a bakin kasuwa, yana ɗauke da buhun taki a kan keke. Ya sauka ya gaishe ni, ya tambayi aiki, ya ce yaran suna nan lafiya. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Talata, 20 ga Agusta, 6:40 na yamma

Hajiya Fanta ce ta tuna da Dakta Dallatu. Ya yi ritaya shekara tara ke nan, yana noma a gefen Ɗambatta. Na hau babur na bi ta tsakanin gonaki, gero ya fi ni tsayi ta kowane gefe, na same shi yana duba gyaɗa, wandonsa a naɗe har gwiwa.

Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Ya ce, "Wato aure ne ya kawo ka, ba annoba ba." Na ce duka biyun ne, ranka ya daɗe. Ya ce a'a, wanda annoba ta kawo ba ya fesa turare.

Ya yarda. Ranar Lahadi, daga azahar zuwa magariba. Amma ya miƙo mini hannayensa biyu na gani, suna rawa. Ya ce, "Zan duba mara lafiya, zan sa ƙarin ruwa, zan yi wa nas-nas faɗa in kana so. Wuƙa kam na daina riƙewa." Na ce ba komai, ranar Lahadi ba mu cika yin tiyata ba.

Na faɗa wa Baffa, Baffa ya faɗa wa Malam. Malam ya ce Allah ya kai mu, zai kira ƙannensa biyu su zauna.

Alhamis, 22 ga Agusta, 2:00 na rana

Mutum takwas kawai yau. Abin ya fara sauƙi, ko kuma ruwan sama ne ya hana su isowa.

Na fito da babbar rigar da na ɗinka tun Sallar bara. Hajiya Fanta ta sa na gwada a ofishinta, ta zagaya ni sau biyu, ta ce rigar ta yi, hular ce kamar ta aro. Ta ce in na shiga zauren kada in zauna kamar mai jiran mara lafiya, kuma kada in kuskura in ce wa Malam ƙafarsa ta kumbura ko da ta kumbura. Ta ba ni lemon tsami in goge hannuna, wai warin maganin wanke ɗaki yana riga ni shiga wuri.

Asabar, 24 ga Agusta, 9:00 na safe

Sauda ta tafi Bici. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Baba ba ya son jira." Na ce ni ma ba na sa mutane jira. Ta dubi layin da ke ƙofar ofishina, ta dube ni, ta wuce.

Lahadi, 25 ga Agusta, 1:15 na rana

Dakta Dallatu ya iso. Baffa yana jira na a tashar Ɗambatta da goro da alawa. Na sa rigar.

Lahadi, 7:20 na yamma

Ban je ba.

Litinin, 26 ga Agusta, 6:00 na safe

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara labarin ba.

Na tura babur har bakin ƙofar asibiti sai ga amalanken shanu. Mace ce a kwance a ciki, sunanta Zuliha, naƙuda tun jiya, zanin da ke ƙarƙashinta ya jiƙe da jini. Na bi su ciki don in gani kawai. Mabiyiya ce ta tare hanya, in ba a yi mata aiki an ciro jaririn ba, daga ita har shi babu mai kai magariba.

Dakta Dallatu ya ce, "Tafi abinka, zan tura ta Kano." Yana faɗa yana kallon ƙasa. Ni da shi duk mun san motar asibiti ba ta da mai, kuma ko da tana da shi, ruwa ya ci kwalbatin hanya, sai an zagaya. Na taɓa tura wata haka.

Na cire rigar na miƙa wa Muntaka mai yankan kati. Mijin matar da ƙanenta suka ba da jini. Dakta Dallatu ya tsaya a gefena yana riƙe da fitila, fitilar tana rawa, yana faɗa mini abin da na riga na sani, kuma na ji daɗin jin sa. An ciro namiji. Jinin bai tsaya da wuri ba, sai wajen ƙarfe shida na yarda na cire safar hannu. Uwa da ɗa suna nan da rai.

Wayata tana aljihun babbar riga, rigar tana rataye a bayan kujerar Muntaka. Kira goma sha huɗu, duk na Baffa. Ban aika wa kowa ba. Ban ce wa Hajiya Fanta ta kira ba, ban ce wa Muntaka ba, tunanin bai ma zo mini ba. Malam da ƙannensa biyu sun zauna a zaure daga la'asar har aka kira magariba, an yanka zabi, an dama fura, ba wanda ya zo kuma ba wanda ya ce musu komai.

A kan tiyatar ba na nadama. A kan wayar kuwa ban san inda zan sa kaina ba.

Litinin, 9:30 na safe

Ta dawo. Mun miƙa aiki gado bayan gado kamar kullum. Na ce ina so in yi bayani, ta ce, "Gado na goma sha biyu fa?" Gado na goma sha biyu Zuliha ce. Ta ɗauki fayil ɗin ta karanta shi daga farko har ƙarshe, ta koma farko. Ta je ta ɗaga bandejin ta duba. Ta ce, "Ɗinkin ya yi kyau." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Talata, 27 ga Agusta, 11:00 na safe

Baffa ya wanke ni tas a waya. Ya ce ya tsaya a tasha da kwandon goro har 'yan kamasho sun fara tambayarsa nawa yake sayarwa. Ya ce ya kira Malam ya ba da haƙuri, Malam ya ce, "Allah ya kyauta," ya kashe waya. Ya ce shi a saninsa, dattijon da aka tara wa ƙannensa aka bar shi zaune ba ya sake shimfiɗa tabarma.

Dakta Dallatu ya ce zai sake zuwa in ana so. Ba wanda ya ce ana so.

Laraba, 28 ga Agusta, 7:00 na safe

Saura kwana uku. Mutum huɗu aka kwantar. Na ga akwatinta a baranda, an shanya shi a rana.

Alhamis, 29 ga Agusta, 6:50 na yamma

Kati na talatin da takwas ya shigo wajen ƙarfe ɗaya. Ban ɗaga kai ba, ina ƙarasa rubutun wanda ya fita. Na ce, "Sannu Baba, zauna. Me ke damun ka?"

Ya ce, "Kai ne."

Dattijo ne siriri, farar riga, buzu a naɗe a hammata, buta a hannu. Ya ce shi ne Muhammadu Sani na Bici. Na miƙe har kujera ta faɗi, na durƙusa na gaishe shi. Ashe tun ƙarfe takwas ya zo. Ya ce wa Muntaka wurin likita ya zo, Muntaka ya ce kowa ma wurin likita ya zo, sai da kati. Shi kuma ya yanki katin ya bi layi, bai ce wa kowa shi wane ne ba, har 'yar tasa.

Ya ce, "Kafin in zauna a layi na shiga ɗakin mata. Na je in ga matar da aka fifita a kaina. Na gan ta, na ga yaron. Da ni ne mijinta, da ban so ka zo Bici ba."

Na ce na gode, Malam.

Ya ce, "Ban gama ba. Waya ba ta da nauyi, Likita. Ƙanena ɗaya daga Kazaure ya taso."

Na ce na yi kuskure, ba ni da hujja. Ya ce ya sani, da na kawo hujja da yanzu yana hanyar gida. Ya ce awa biyar ya yi yana kallon ƙofar nan, ya ga jadawalin da ke bango, ya gane in ya ce sai a Bici to sai dai a yi a lahira. Sharaɗinsa shi ne a gabansa, yarinyar tana nan, bayan la'asar. Bai taɓa cewa sai zauren da aka gina da ƙasa ba. Daga nan ya naɗe hannun riga ya ce tunda ya riga ya yanki kati, in auna shi. Jininsa ya hau sosai. Na faɗa masa, ya ce ya san ranar da ya fara hawa.

Bayan la'asar ya shimfiɗa buzunsa a barandar gidan likitoci. Dakta Dallatu ba ya nan, Baffa ba ya nan, sai Hajiya Fanta da ta zauna can gefe ta ce ita ce dangina na yau. Aka kira Sauda. Ta zo da farar rigar aiki, ta yafa mayafi a kai, ta durƙusa nesa da ni.

Malam ya ce, "Sauda, kin san wannan?"

Ta ce, "Na san shi, Baba."

"Ya ce yana neman ki da aure. Kina so?"

Ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Hajiya Fanta ta ce ai shirun ya isa. Malam ya ce, "Bai isa ba. Wadda take yi wa maza faɗa a ɗakin tiyata ba za ta zo nan ta ce ba ta da baki ba."

Ta ce, "Ina so, Baba."

Ya yi addu'a, muka shafa. Ya ce ya ba mu minti goma, ya matsa ƙarshen baranda ya fito da carbi.

Shekara biyu ina jiran wannan zaman. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa zazzaɓin gado na uku ya sauka, kuma ina ganin gobe za a iya sallamar na bakwai. Ta bar ni har na kai gado na goma, sannan ta ce, "Aiki ka zo miƙawa?"

Na ce a'a. Na ce ina son ta, ba na so ta tafi, kuma na san saura kwana biyu.

Ta ce, "Ba saura komai. Tun ranar Litinin na tura musu amsa, bayan na karanta fayil ɗin Zuliha. Na ce musu ba zan zo ba."

Na ce to akwatin fa?

Ta ce, "Ruwa ne ya shiga ɗakina."

Na ce me ya sa ba ta faɗa mini ba, ta bar ni ina ta fama?

Ta ce, "Ka bar mahaifina zaune awa uku. Kwana uku bai yi maka yawa ba." Ta gyara mayafinta, ta rage murya yadda Malam ba zai ji ba. "Da ka tsallake matar nan ka zo Bici, Khalilu, da yanzu ina haɗa kaya."

Na ji daɗi, irin wanda na manta ana ji. Na ce to yanzu fa?

Ta ce, "Yanzu sai ka tashi ka raka Baba tasha. Ni zan zauna da asibitin."

Na naɗe wa Malam buzunsa, na ɗauki butarsa na bi bayansa, bakina ya ƙi rufuwa har muka isa.